Barewar Daji da Barewar Waya: Wasiƙa Daga Texas

Assalamu alaikum jama'ar gida, manya da yara.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, yaya sanyi, yaya aikin kaka? Allah ya sa an tara amfani lafiya. Mu nan Texas muna nan ƙalau, sai kewar gida. Abin da ya sa na rubuto muku wata gardama ce da ta daɗe tana cin maharban Amurka a kan harbin barewar da aka killace cikin shingen waya, wadda nake ji a bakin maƙwabta da abokan aiki da zarar Nuwamba ta kama. Na san a cikinku akwai 'ya'yan maharba da jikokin sarakunan baka, su ne za su fi jin gishirin zancen.

A wannan jiha, Asabar ɗin farko ta Nuwamba ake buɗe farautar barewa da bindiga, a ci gaba har cikin Janairu. Barewar tasu ta fi tamu girma, ƙasan wutsiyarta fari ne, namijin kuma yana da ƙaho mai rassa wanda ke zubewa kowace shekara ya sake tsirowa. Texas kaɗai tana da kimanin miliyan 5. Ɗan jiha kan yanki lasisi a dala 25, baƙo daga wata jiha dala 315. Lasisi ba shi ne wahalar ba. Wahalar ita ce inda mutum zai tsaya ya yi harbi, domin kusan kashi 95 cikin 100 na ƙasar Texas mallakar mutane ce, kuma shiga filin wani da bindiga ba izini babban laifi ne. Mai son farauta sai ya yi hayar daji, shekara-shekara, kuɗi hannu.

In ka bi hanyoyin karkara yamma da San Antonio, ko ka gangara kudu wajen Laredo, za ka yi ta tafiya a gefen waya mai tsayin ƙafa 8, wadda barewa ba ta tsallakewa. Abin da ke bayan wayar iri-iri ne. Wani gandun eka dubbai ne na ƙaya da sarƙaƙiya. Wani kuwa gidan kiwo ne sosai: kowace barewa da lambarta a kunne da takardar asalin uwa da uba, ana ɗibar maniyyin namiji mai babban ƙaho a sayar da shi dubban daloli, a ɗura wa mata, a shayar da wasu 'ya'yan da bulumboti, a cika su da abinci mai gina jiki. In namiji ya ƙosa, sai a sa shi a mota a kai shi gandun da ake harbi. Dokar Texas ta hana sakinsa da ƙahonsa in ya rage ƙasa da kwana 10 a buɗe farauta. Wato a idon hukuma, kwana 10 sun isa ragon turke ya zama naman daji.

Farashi kuwa da inci ake yin sa, a bi kowane reshe na ƙahon da tef a tara lissafi. Barewar daji da ke riƙe da kambun duniya a ƙaho mai daidaitattun rassa, wadda manomi Milo Hanson ya harba a Saskatchewan ta Kanada a 1993, inci 213 da ɗoriya gare ta. Ko mai hargitsattsen ƙahon nan da aka tsinci gawarta a Missouri a 1981 ba ta wuce inci 333 da ɗan kai ba. A gidajen kiwo kuwa ana fitar da masu inci 400 har fiye. Mai kuɗi ya sauka ranar Juma'a, a nuna masa hotuna da farashi, a ɗauke shi a mota zuwa wurin zama, Lahadi ya koma gida a aiko masa da kan a shanye ya rataya a falo. Wasu gandayen har alkawari suke yi: in ba ka kashe ba, ba ka biya. Abin ya taɓa kaiwa inda wani a nan Texas ya ɗaure bindiga a jikin na'ura ya haɗa ta da intanet, don mutum ya yi harbi daga ɗakinsa da kwamfuta. Majalisar jihar ta haramta wannan a 2005, kuma maharba ne a sahun gaba wajen neman haramcin.

Maharban gargajiyarsu ba su da maganar da ta wuce tamu: kowa ya ci zomo ya ci gudu. A wurinsu, in dabba ba ta da hanyar tsira, abin da aka yi mata kisa ne kawai, kada a kira shi farauta. Ƙungiyar Boone and Crockett, wadda Theodore Roosevelt ya kafa da abokansa a 1887 tun kafin ya zama shugaban ƙasa, ita ce ke riƙe da kundin manyan ƙahoni, kuma ba ta karɓar dabbar da aka harba cikin shingen da ba shi da mafita, komai girman ƙahonta. Ƙungiyar masu baka da kibiya, Pope and Young, haka take. Safari Club International kuwa tana karɓa, amma a shafi daban.

Zafin da suke ji yana da tushe. Wajen shekarar 1900 barewar nan ta kusa ƙarewa a Amurka, bai fi dubu 500 suka rage ba, saboda masu harbi don kasuwa da ke loda nama da fata a jirgin ƙasa zuwa birane. Maharba ne da kansu suka tashi. Aka yi dokar Lacey a 1900, wadda ta hana safarar naman dajin da aka kashe ba bisa ƙa'ida ba daga jiha zuwa jiha, jihohi suka hana sayar da naman daji, aka sa lokaci da iyakar abin da mutum zai kashe. A 1937 aka ɗora haraji a kan bindigogin farauta da harsashi, yanzu kashi 11 cikin 100, kuɗin na tafiya kai tsaye ga kula da namun daji. Yau ana ƙiyasin barewar ta kai miliyan 30. Duk wannan an gina shi ne a kan ƙa'ida guda: naman daji na jama'a ne, gwamnati amana take riƙewa, ko da dabbar tana kwance a gonarka. Suna alfahari da hakan ƙwarai, domin kakanninsu sun baro Ingila inda barewa ta sarki ce da masu ƙasa, inda wata doka ta 1723 ta yanke rataya ga wanda ya ɓad da kama ya shiga da makami ya kashe barewa. To mai gidan kiwo ya dawo da abu biyun da aka kora: ciniki da mallaka. Har kotu an je a kan haka, kuma a 2019 kotun ɗaukaka ƙara a Austin ta ce ko barewar da aka haifa a keji ta jama'ar Texas ce, mai kiwo izinin riƙewa kawai yake da shi.

Mu da muka yi karatun zaure abin ba baƙo ba ne a kunnenmu. Malamanmu na Malikiyya sun karantar da cewa farauta don wasa kawai makaruhi ce, kuma harbi yana halatta dabbar da ta gagari kamu ne. Wadda ke hannunka sai yanka. Barewar da ta tashi da bulumboti, take gudowa in ta ji ƙarar motar abinci, ku da kanku kun san ɓangaren da ta fi kusa da shi.

Masu waya su ma ba bebaye ba ne, kuma wasu hujjojinsu suna da nauyi. Suna cewa barewa a daji ma yawanci ba ta wuce murabba'in mil guda ko biyu a yawonta, to wadda ke cikin eka dubu 10 ina ta san da waya? Suna cewa ba don tsare barewa suka kafa shinge ba, don tsare maƙwabci ne, wanda ke da eka 20 amma yake harbe duk ɗan saurayin namijin da ya leƙo kafin ya girma. Suna cewa shanu ba sa riƙe gandu a shekarun fari, kuɗin maharba ne ke hana iyali yanka filin gado su sayar wa masu gina gidaje. Wannan na ƙarshe gaskiya ne, duk mai ido ya ga yadda Austin da San Antonio ke cinye karkara.

Sannan akwai abin da masu sukar ba sa son a taɓo. Mutumin da ke zagin waya, shi kansa a ina yake harbi? Yana zaune cikin ɗan akwati a kan ƙafafun ƙarfe, da abin ɗumama ɗaki da shayinsa, gabansa wata ganga mai agogo tana watsa masara safe da yamma, kyamarar da ya ɗaure a bishiya tana turo masa hoton barewa a wayarsa ta hannu tun yana ofis. Duk halas ne a dokar Texas, alhali a wasu jihohin zuba masarar kaɗai laifi ne. Maharbinmu da ke ɗaura kan burtu a goshi ya yi rarrafe cikin ƙaya tun hantsi, da zai gan su, da dukkansu biyun zai yi wa dariya. Ni a ganina kasuwa ta riga waya shiga dajin. Ranar da aka fara hayar daji aka fara korar talaka. Attajiri da kamfani suna ƙara kuɗin haya, makaniken da ubansa ya koya masa harbi a wannan kwarin ya ga an canja kwaɗon ƙofa. Shi da yake farauta don cika firji da naman shekara, shi ne ya rasa, ba a kuma cika jin muryarsa a gardamar ba.

Inda na tsaya da ƙafa biyu tare da masu suka shi ne batun cuta. Akwai wata cutar ƙwaƙwalwa mai ramar da barewa har ta mutu, dangin haukan shanu, wadda aka fara gani a 1967 a wani wurin bincike a Colorado. Ba ta da magani, ba ta da rigakafi, tana yaɗuwa ta yawu da fitsari da kashi, tana zama cikin ƙasa shekaru, dabba kuma kan ɗauke ta fiye da shekara ba alama. Yanzu ta shiga jihohi sama da 30. A Texas an fara samun ta a 2012 a dajin yamma mai nisa, a 2015 kuma ta ɓulla a wani gidan kiwo a gundumar Medina. Ba a tabbatar ta kama mutum ba, amma hukumar lafiya ta ce kada a ci naman mai ɗauke da ita. Masu kiwo na cewa su aka fi gwadawa shi ya sa ake yawan samu a wurinsu. Ko da haka ne, barewar daji da ƙafa take yawo, tasu kuwa tirela ke kai ta mil ɗaruruwa a dare ɗaya. Waya kuma ambaliya na kayar da ita, barewar ciki da ta waje suna haɗa hanci ta ramukanta.

Da aka kai maganar akwatin zaɓe, kan jama'a bai haɗu ba. Montana ta hana harbin dabbar keji don kuɗi a 2000, da ƙyar. Dakota ta Arewa ta ƙi irin wannan hanin a 2010. Indiana ta shafe shekara 10 a kotu, daga baya ta halatta shi da sharuɗɗa a 2016.

Akwai abu guda da ya shafe mu kai tsaye, shi ne kuma ke hana ni yi wa waya kuɗin goro. Bayan waɗannan shingaye akwai mariri, farar dabbar nan mai dogon ƙaho lanƙwasasse, namu na bakin Sahara, dubbai, tare da farar dabbar hamadar nan mai murɗaɗɗen ƙaho da ake kira addax, wadda ragowarta a daji, can wajen Termit a Nijar, ba su kai ɗari ba. Gandun Gadabeji da ke arewa da Dakoro an keɓe shi a 1955, mariri na cikin dabbobin da aka yi shi dominsu, amma a shekarar 2000 aka ayyana cewa ya ƙare a daji a duniya baki ɗaya. A Texas kuwa ya yi ta haihuwa, saboda akwai mai biyan dubban daloli ya harbi ɗaya. Tun 2016 ake mayar da mariri dajin Wadi Rime da Wadi Ashim a Cadi, daga garken da aka tara a Abu Dhabi, har da waɗanda aka kwaso daga Amurka, kuma a 2023 aka cire shi daga jerin waɗanda suka ƙare a daji.

Ina roƙon 'yan'uwa na Dakoro da Tanut da Ingigmi, in akwai dattijon da ya taɓa ganin mariri a daji da idonsa, ku zauna da shi ku rubuta abin da ya sani: inda suke kiwo da rani, hanyar da suke bi da damina, da yadda ake farautarsu. Ku aiko mana mu karanta.

A gaida kowa da kowa. Wassalam.

Ɗan'uwanku a Texas