Abin da na koya a lab kafin na ajiye musu aikinsu

Duk wanda ya yi aikin histo, wato shirya naman da aka ciro daga jikin mara lafiya don likita ya duba ko kansa ce, a nan Legas ya san rabin aikin a kan fomalin yake, ruwan maganin da ke hana naman ruɓewa. Ƙa'ida ita ce naman da aka ciro ya nutse a fomalin mai kashi 10, ruwan ya ninka naman kamar sau goma, in na mama ne ma ana so ya shiga cikin awa ɗaya da cirowa. Ogan da na yi wa aiki kuwa tsarma shi yake sa a yi da ruwan famfo wai dala ta tashi, in silaid, wato gilashin da ake ɗora naman a kai, ya fito a dagule likita ya dawo da shi kuma ni za a kira gaban yara masu koyon aiki, aboki kaza aboki kaza.

Abin da ya sa abin yake ci mini rai, likitan nan ba girman kumburi yake dubawa ba, ƙwayoyin halitta yake kallo yadda suke rabuwa. Jikin mutum kullum a haka yake, ɗaya ta zama biyu, fata da hanji da jini duk ta nan suke sabuntawa, amma fa akwai birki, kafin ƙwaya ta rabu sai an duba DNA ɗinta, in da ɓaraka a tsaya a gyara, in ta ƙi gyaruwa ƙwayar ta kashe kanta. Babban mai wannan gadin shi ne wani furotin mai suna p53 da aka gano a 1979, kuma kusan rabin kansar da ake samu za ka tarar shi ya lalace. Ga kuma irin su RAS, masu ba ƙwaya umarnin ta rabu, da in suka samu matsala umarnin a rabu ba ya yankewa. Danfo ne kawai a kan gadar Third Mainland, totur ya maƙale birki ya tsinke. Ba rana ɗaya ake kaiwa nan ba, kurakurai ne suke taruwa shekara da shekaru, sai ƙari ya fito ya jawo wa kansa jijiyoyin jini, daga baya ya ɓalle zuwa kaluluwa, hanta, huhu, ƙashi.

A madubin microscope, cikin shuɗi da ruwan hodar da ake rina naman da su, ƙwayar da aka kama tana tsakiyar rabuwa wani baƙin dunƙule ne mai gashi-gashi, ba ta da zagayen nan na tsakiya. Su likita yake ƙirgawa a wurare goma na silaid ɗin, lissafin ya shiga cikin matakin da zai ba sankarar mama, 1 ko 2 ko 3. In nama bai sha fomalin da wuri ba sai su ɓace ko su dushe, ciwo mai gudu ya zo kamar mai tafiyar hawainiya, gwajin HER2 da ake dubawa wajen zaɓar magani ma ya ba da shirme.

Wata baiwar Allah daga Agege, ba turanci ba yarabanci, ni nake mata tafinta. Naman da aka ciro mata ya lalace. Ta ce ɗana, sake yanka ni za a yi? Na ce eh Mama, sai haƙuri. Oga yana tsaye yana faɗa wa 'yarta wai sakacin ma'aikaci ne, kuma ni zan fassara. Wallahi wannan jimlar ban fassara ta ba.

Sauran darussan gajeru ne. Ka rubuta lokacin da samfur ya iso da halin da ya zo, ka sa hannu, ka ɗauki hoto. Wanda aka kawo a gorar ruwa bayan ya sha goslo a bayan babur kar ka karɓa shiru. Mutanenmu kuma na Mile 12 da Idi-Araba a daina cewa sammu ne ana ta shafe-shafe har sai ya fashe. Rigakafin HPV, ƙwayar cutar da ke jawo sankarar bakin mahaifa, da aka fara a Najeriya a Oktoban 2023 na 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a kai yara, ƙwayar cutar nan p53 ɗin take rusawa a bakin mahaifa.

Wanda zai gaje ni kuma ya riƙa shinshina jarkar fomalin da kansa, kuma ya karɓi albashinsa kafin ya ba da notis, ni nawa na watan ƙarshe har yau ana ce mini ana kan duba shi.