Yini guda bisa duwatsun Shere

Alhamdu lillahi mun dawo Sakkwato lafiya, bari in ba ku labarin duwatsun Shere na Jos tun abin bai huce min ba. Hanya dai kun san ta, Gusau, Funtuwa, Zariya, Saminaka, ba wani abin faɗi sai Dutsen Kwatarkwashi da munka wuce, wanda a da shi ne iyakar abin da nake kira dutse.

Gidan kawuna munka kwana. Da asuba ruwan alwala sai da anka ɗumama muna shi, don garin Jos kanshi ya kai wajen mita 1,200 bisa teku, mu ko nan Sakkwato ko 400 ba mu kai ba. Ƙololuwar Shere kuma mita 1,829 ce, tana gabas da gari.

Kafin mu kai gindin dutsen wani mutum ya tare mu, ya gitta igiya a hanya, ko sallamarmu bai amsa ba sai "daga ina?" Da ya ji Sakkwato sai ya ce a buɗe jakunkuna, ya zazzage komai a ƙasa har dabinon da munka yi guzuri, wai sai mun biya kuɗin shiga, rasit kuma babu. Wallahi raina ya ɓaci. Ba kuɗin ne sunka dame ni ba, a'a, a ce ka ga baƙo da furfura tare da kai kamar kawu, ka yi mishi magana hannunka cikin aljihu? A gida ko yaron tasha ba ya yin haka. Kawu ya ce "bar shi ɗana", ya ba shi wani abu, sannan kawu ya koma gari mu munka wuce.

Ɗan jagoranmu saurayi ne Bajari, su suna kiran kansu Afizere, Hausa a bakinshi tas. Dubu goma ya fara cewa, munka daidaita a shida, kuma ina gaya muku da yamma sai da na cika mishi goman nan da kaina, don ya ci guminshi. Silifas ne a ƙafarshi. Mu da kambas muna ta zamewa, shi ko yana tsalle daga wannan dutse zuwa wancan yana waigowa yana cewa "Malam kar ka dubi ƙasa, dubi inda na taka."

Bin doron dutsen shi ne aikin. Ba hawa ɗaya ba ne a gama, ka hau ka ce to ga ƙarshe, sai wani ya ɓullo bayanshi wanda ya fi shi, kuma dole ka gangara kwazazzabo kafin ka sake hawa. Manyan duwatsu ne an ɗora wani bisa wani kamar buhunan albasa a kasuwar Kara, wasu ka rantse iska na iya ture su amma suna nan ƙyam. Akwai wata tsaga da sai mun tuɓe jaka mun miƙa gaba sannan mu bi a karkace, ciki duhu da sanyi, can kuma wani fa mai santsi da sai da rarrafe, hagu rami dama rami, iska na kaɗa riga tana neman ɗauke hula. Nan kam kowa ya yi shiru sai salati. Mun ga rema suna shan hantsi, suna ganinmu sunka shige kogo.

Bisa wani faffaɗan fa munka yi taimama munka yi azahar da la'asar. Daga can ana hango dam ɗin Lamingo da rufin kwanon Jos gaba ɗaya, da kududdufan da haƙar kuza ta bari tun zamanin Turawa. Rana tsaka amma ba gumi, ni da na saba da zafin da ke wuce digiri 40 a watan Afrilu abin ya ban mamaki ƙwarai.

Wurin saukowa ruwanmu ya ƙare, yaron ya ratsa da mu wani ɗan ƙauye da anka kewaye da shingen kyarana, gonakin acca ƙanana ƙanana a tsakanin duwatsu inda mu a gida ba za mu ko kai kalme ba. Wata tsohuwa na sussuka, ta gan mu ta aje aiki, "sannunku 'ya'yana, daga Sakkwato har nan don dutse?" Ta kawo ruwa, ta kawo gwaten acca da zafinshi, kuma kafin mu tambaya ta ce ganye ne kawai da gauta ba nama ciki, ku ci hankali kwance. Ba addininmu ɗaya ba amma ta san abin da zai sa mu jinkiri. Na miƙa mata kuɗi ta ture hannuna har da faɗa, sai dabinon da ya rage ta karɓa don jikokinta. Mu da ba mu jin sunan Jos sai in an yi rikici, wannan matar ba wanda ya taɓa ba mu labarinta.

Magariba ta riske mu a titi, keke napep ya tsuga muna kuɗi don ya ga ba mu iya ƙara taku. Washegari na biya Farin Gada na sayi dankalin turawa da kabeji, arha sosai in ka gwada da nan, sai dai kuɗin lodi ya cinye rabin ribar. Mota ta ɓaci bayan Funtuwa, sai dare munka shigo gari.