Batirin litiyom da batir mai ruwa a mota ɗaya

Masu Hilux da Land Cruiser da ke bin hanyar Dakoro ko Damagaram sun fara ƙara batirin litiyom a baya, don firiji da fitila. Dabarar ba laifi. Inda ake ɓata ta shi ne a ja waya daga batirin mota zuwa sabon kai tsaye, a ce an gama.

Batir mai ruwa, wato na motar, in ya cika ya huta, volt 12.6 yake nunawa. Litiyom irin LiFePO4 kuwa wajen 13.3 yake zama. In an haɗa su, ko mota a kashe litiyom zai riƙa tsiyaye wutarsa cikin ɗayan. Wannan ƙaramar asara ce, babbar tana kan altaneta, na'urar da ke caja batir in inji na aiki. Batir mai ruwa da kansa yake rage jan wuta yayin da yake cika. Litiyom da ya sauka ba ya da wannan kunyar, duk abin da altaneta ta bayar zai zuƙe. A silo kuma fankarta ba ta juyawa sosai, ga zafin Afrilu a Maradi da ke wuce digiri 40. A nan take ƙonewa, mai mota ya yi ta zargin wanda ya sayar masa da ita.

Maganin shi ne a sa cajar DC-DC, na'urar da ke ƙayyade wutar da litiyom zai ja, a tsakanin batiran biyu. Ga litiyom mai 100Ah, ta amfiya 20 ko 30 ta isa. A saita ta kan litiyom, caji ya tsaya tsakanin volt 14.2 da 14.6. Ƙaramar wayarta a kai ta makulli, don kada ta ja wuta sai inji na aiki. Ga caja mai amfiya 30 da nisan mita 5, a sa wayar tagulla mai kaurin 16mm², da fis na amfiya 50 dab da batirin mota, wani fis ɗin kuma dab da litiyom. Ƴar siririyar wayar nan ta kasuwa mai kaurin roba, a bar ta.

Kada a cire batir mai ruwa. Shi ke tada mota, shi ne kuma ke shanye tsallen wuta in BMS, na'urar tsaron da ke cikin litiyom, ta yanke caji farat ɗaya. Shi kuma litiyom ba a ajiye shi kusa da inji, don yawancinsu ba a son a yi musu caji sama da digiri 45. Ƙarƙashin kujera ko bayan mota, inda iska ke shiga, a ɗaure shi tam saboda gargada.