Kifin anemoni a tankin gida: yadda ake gane nau'insa, da inda ido ke gazawa

Kifin anemoni, mai zama a cikin anemoni, wata halittar teku mai harbi, wanda masu shagunan kifin ado ke kira clownfish, nau'insa ya kai kusan 30, kuma dukkansu 'yan tekun Indiya ne da yammacin Pasifik da Bahar Maliya. Babu ko ɗaya a tekun Atilantika. Abin da ke rikita mai kiwo shi ne, da yawa daga cikin waɗanda ake sayarwa yau a gonakin kiwo aka ƙyanƙyashe su, an yi ta zaɓen iyaye saboda launi har zanen jikinsu ya daina nuna asalinsu. Shi ya sa launi ne abu na ƙarshe da ya kamata ka dogara da shi. Ƙira da ƙaya da ido su ne kan gaba.

Fara da gyara haske. Shuɗiyar fitilar da ake kunna wa murjani tana dusashe ruwan lemo, tana kuma ɓoye bakin zane. Kashe ta, ka kunna fara. Ka ɗauki hoton kifin daga gefe daidai lokacin ba da abinci, domin a lokacin ne yakan miƙe fiffiken bayansa. Idan ya ƙi tsayawa, kora shi a hankali cikin ƙaramin akwatin roba mai garai-garai, ka jingina akwatin da gilashin tanki daga ciki. Kada ka sa raga. Sai ka buɗa hoton a waya ka ƙirga ƙayoyin fiffiken bayan.

Abu na farko da za ka duba shi ne kumatu. In ka ga ƙaya mai tsini ta fito daga ƙarƙashin ido ta miƙe baya ta ratsa farar ɗamarar kai, wato farin zanen da ya kewaye kan, to marun ne, wato biaculeatus, magana ta ƙare. Shi kaɗai ke da wannan ƙayar, ita ce kuma ke sarƙewa a raga ta yaga masa fuska. Macensa tana kaiwa santimita 17, ga faɗa, har hannun mai tanki takan ciza. Na yankin Sumatara ɗamarunsa rawaya ne, amma yana ƙarami farare ne, sai ya doshi shekara suke juyawa. Don haka kada ka ce an cuce ka don ka sayi mai ɗamarar zinare ka ga fari.

Inda aikin yake shi ne tsakanin ocellaris da percula. Dukkansu ruwan lemo ne da fararen ɗamaru uku, ta tsakiya ta ɗan turo gaba. Fiffiken baya kashi biyu ne: na gaba ƙayoyi ne masu tauri, na baya zaruruwa ne masu laushi da ke rarrabuwa a baki. Masu taurin kawai za ka ƙirga. Ocellaris yawanci 11 gare shi, percula kuwa 10. Sai dai akwai ocellaris mai 10, akwai percula mai 9. Ke nan 11 ko 9 sun raba gardama, amma 10 ba ta raba ba. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne tsallake ƙaya ta farko, domin gajera ce, takan kwanta a bayan ta biyu, sai mutum ya samu 10 ya sanya wa ocellaris sunan percula.

In ƙirga ta tsaya a 10, koma kan ido. Zoben da ya kewaye baƙin idon percula ruwan lemo ne tas, sai idon ya zama kamar ƙarami. Na ocellaris ya yi duhu-duhu, kamar an shafa masa toka, sai idon ya fito babba. Sannan gaban fiffiken bayan ocellaris ya fi tsayi. Baƙin layin da ya kewaye ɗamaru kuma, a percula kauri gare shi, wani lokaci har ya cika tsakanin ɗamara ta farko da ta biyu, a ocellaris kuwa siriri ne kamar an ja da biro. Na bar wannan alamar a ƙarshe da gangan, domin ita ce mutane suka fi sani, ita ce kuma ta fi yaudara. Percula ƙarami bai gama yin baƙinsa ba, kuma akwai ocellaris na yankin Darwin a arewacin Ostareliya wanda in ya girma baƙi ne wuluk da fararen ɗamaru. Idan kifin daga teku aka kamo shi kuma an san wurin, wannan ma hujja ce: percula na Niyu Gini ne da tsibiran Solomon da arewa maso gabashin Ostareliya, ocellaris kuwa na Indonesiya da Filifin da kudancin Japan da arewa maso yammacin Ostareliya.

Shekaru ma suna canja zane. Ɗamaru suna fitowa ne daga kai zuwa wutsiya, a nau'o'in da ke zubar da su kuma, daga wutsiya suke fara ɓacewa. Jajayen nau'o'in da ake kira dangin tumatir su ne misali. Frenatus yana ƙarami yakan nuna ɗamara biyu ko uku, in ya girma sai ta kai kaɗai ta rage. Ephippium har ta kan ma yakan zubar, ya zama ja da baƙin tabo a kwiɓi. Melanopus yana kama da frenatus ƙwarai, amma dubi fikafikan ƙarƙashin cikinsa, baƙaƙe ne, na frenatus kuwa jajaye. Duk kifin da bai kai santimita 3 ba daga wannan dangin, gara ka jira wasu watanni kafin ka yanke hukunci.

Masu farin layi a gadon baya ba su da wuya sosai. Perideraion ruwan hoda ne, yana da layin baya da siririyar ɗamara a kumatu. Sandaracinos ruwan lemo ne, layinsa mai faɗi ne, daga leɓen sama ya faro, ba shi da ta kumatu. Akallopisos yana kama da shi, amma layinsa ya fi sirantaka ta wajen kai. Clarkii kuwa shi ne mai yawan kamanni, daga rawaya zuwa kusan baƙi, har irin anemonin da ya zauna a ciki yana ƙara masa duhu. An daɗe ana sayar da shi da sunan sebae. Sebae na gaskiya ya fi tsawon jiki, kuma ɗamararsa ta biyu tana karkata baya ta hau kan fiffike.

Yanzu batun ruwa-biyu. A nan dole a raba abu biyu da kasuwa ta cakuɗa. Akwai samfurin launi, akwai haɗin nau'i biyu. Waɗanda kasuwa ke kira Picasso da Platinum da Onyx duk percula ne zalla. Snowflake da Wyoming White ocellaris ne zalla. Mocha, wanda ake samu daga haɗa ocellaris mai ruwan lemo da baƙin Darwin, shi ma ocellaris ne, tunda iyayensa nau'i ɗaya ne. Kifin da ɗamararsa ta yanke a rabi ba sabon abu ba ne, sau da yawa yanayin ruwa da abinci ne lokacin da yake ɗan tsako. Haka baƙaƙen ɗigo da ke fitowa a jikin kifin da ke shafar murjani mai harbi, tabon harbi ne, ba gado ba.

Ruwa-biyu na gaskiya su ne irin percularis, ɗan percula da ocellaris, da Snow Onyx da Black Photon waɗanda su ma daga waɗannan biyun suke, da Blood Orange, ɗan marun da ocellaris. Wannan na ƙarshe ana iya gane shi: jiki mai kauri, ja mai duhu, fikafikai manya, ƙayar kumatu kuma ta ragu ƙwarai. Halinsa ma yakan ɗauko na marun, don haka kada ka zuba shi da ƙananan kifaye masu sanyin hali. A teku ma hakan na faruwa. Leucokranos, mai farin tabo a ka kamar hula, an daɗe ana ɗaukarsa nau'i mai zaman kansa, sai binciken ƙwayoyin gado a Kimbe ta Papuwa Niyu Gini ya nuna ɗan wani nau'i ne mai suna chrysopterus da sandaracinos.

Percularis kuwa, gaskiya ido ba ya tabbatar da shi. Alamun da ke sa a yi zato su ne waɗanda suka saɓa wa juna: ƙaya 11 tare da ido mai haske da baƙin layi mai kauri, ko ƙaya 10 da ido mai duhu. Amma zato ne kawai, domin 'ya'yan ƙwai ɗaya sukan rabu, wani ya biyo uwa sak, wani uba. Kuma ba kamar alfadari ba, waɗannan suna haihuwa, sai jinin ya ci gaba da gauraya a zuriya ta biyu da ta uku har alamun su ɓace. Hujja biyu ce kawai: bayanin iyaye daga wanda ya ƙyanƙyashe, ko gwajin ƙwayoyin gado. Duk wanda ya kalli hoto ɗaya ya rantse maka kifinka ruwa-biyu ne, ya faɗi abin da ya fi ƙarfin hoto. Ni a ganina ba laifi ba ne kiwon ruwa-biyu, laifin shi ne sayar da 'ya'yansa da sunan zalla, domin mai kiwo na gaba zai gina zuriyarsa a kan ƙarya bai sani ba.

Sanin nau'i yana da amfani tun kafin a zo batun haihuwa. Ocellaris ko percula guda biyu suna zama lafiya a tanki mai lita 75, marun da clarkii da dangin tumatir suna bukatar lita 120 zuwa sama, a ruwan da ma'aunin gishirinsa ya nuna 1.025 da zafin digiri 25 zuwa 27. Dukkansu ba a haifarsu mata. Wanda ya fi girma da ƙarfi shi ke rikiɗa ya zama mace, kuma ba ya komawa. In ka sayi manya biyu da kowanne ya daɗe shi kaɗai, mai yiwuwa mata biyu ka haɗa, za su yi ta faɗa har ɗaya ta mutu. Ka zaɓi ɗaya babba, ɗaya ƙarami sosai, nau'i ɗaya. In ƙaramin ya karkata jiki yana karkarwa a gaban babbar, ya miƙa wuya ke nan, za su zauna. In kuwa bayan kwana biyu ko uku ka ga fikafikansa sun yayyage, ya maƙale a kusurwar sama kusa da famfo ba ya cin abinci, cire shi ka sa a akwatin roba mai huji cikin tankin na mako guda, sannan ka sake gwadawa.