Layi Ɗayan da Ya Ci Ni a Tsarin Karatu Daga Nesa

Makon jiya na miƙa makullin ofis, bayan shekara biyar ina jami'in tsare-tsare a sashen karatu daga nesa na jami'armu. Abokan aiki daga wasu wurare sun sha tambayata yadda muka kafa shirin. To bari in faɗi yadda aka yi da gaske, don abin da ke cikin rahoton shekara an yi masa kwalliya.

Kowa ya san yadda aka faro. A 2020 korona ta rufe makarantu, har UNESCO ta ce ɗalibai sama da biliyan ɗaya da rabi abin ya shafa, kowane malami ya ruga Zoom, wanda bai taɓa buɗe Moodle, manhajar ɗora darussa a intanet, ba ya koya a kwana uku. Da aka koma aji, sai manya suka lura da wani abu: ga ɗalibin da zai biya kuɗin makaranta, ba ya neman gado a ɗakin kwana, ba ya neman benci a zauren lakca. Aka ce in rubuta tsari.

Na rubuta, kuma a lokacin ina alfahari da shi. Na lissafa ƙarfin sabar, wato babbar kwamfutar da za ta ɗauki darussan, ɗakin ɗaukar bidiyo, kyamarori, lasisin manhajoji, horar da malamai, har da abin da za a yi in wuta ta ɗauke ana tsakiyar darasi. Da na zo kan wanda zai duba aikin ɗalibai ya amsa tambayoyinsu, layi ɗaya na sa: "Malaman sassa za su ɗauki nauyin wannan." Ban tambayi malami ko ɗaya ba ko yana da lokacin. Ɗan hakin da ka raina, in ji Hausawa.

Ana saura kwanaki a buɗe rajista, darakta ya kira ni ya ce an ninka yawan waɗanda za a ɗauka. A baranda muke, yana hanyar zuwa taro. Na ce, "Yallaɓai, malaman ba za su ishe mu ba." Ya yi dariya ya dafa kafaɗata ya ce, "Malam, intanet ai ba ta da kujera, balle a ce ta cika." Washegari aka kawo takardar da sabon adadin, na sa hannu. Ban rubuta ƙorafina a ko'ina ba.

Abin haushin shi ne duk abin da na ji wa tsoro bai faru ba. Sabar ba ta faɗi ba, bidiyoyin sun fito tas, ranar ƙaddamarwa aka yi ta tafi. Sai wajen mako na shida ruwa ya fara shiga ta inda ban toshe ba. Aikin farko da ɗalibai suka tura na nan jibge ba a duba ba, ga na biyu ya iso. Zauren tambayoyi ya cika da tambayoyi, babu amsa. Malaman kuwa ban ga laifinsu ba: darussansu na aji na nan yadda suke, ba wanda ya rage musu awa ɗaya, ba wanda ya lissafa wannan sabon aikin cikin nauyinsu, balle a yi maganar alawus. Mutum ya gama lakca da yamma, a ce ya koma gida ya karanta rubutun mutanen da bai taɓa gani ba, kyauta.

Akwai wata ɗaliba, ma'aikaciyar jinya ce mai aikin dare. Sau uku ta yi tambaya ɗaya a kan wani lissafi. A na huɗu ba ta maimaita tambayar ba, cewa kawai ta yi, "Don Allah akwai mutum a nan kuwa?" Na ga saƙon bayan kwana tara. Zango na biyu ba ta yi rajista ba, kuma irinta suna da yawa.

Da a ce sabon abu ne da ba wanda ya sani, da na sami abin fakewa. Amma tsohon labari ne. Buɗaɗɗiyar jami'ar Birtaniya, wadda aka kafa a 1969 ta ɗauki ɗaliban farko a 1971, mutane sun fi tuna ta da darussan talabijin na BBC, alhali ƙashin bayanta malamai ne na wucin gadi, kowanne da 'yan ɗalibansa, yana duba aikinsu yana rubuta musu gyara da hannunsa. Jami'ar UNISA ta Afirka ta Kudu tun 1946 take koyarwa daga nesa, lokacin da gidan waya ne manhajar. Michael Moore, ɗaya daga cikin manyan masanan fannin, ya daɗe da nuna cewa nisan da ke cutar da ɗalibi shi ne ƙarancin zance tsakaninsa da malami, ko da kuwa unguwarsu ɗaya. Sannan mun ga abin da ya faru a 2012 da Coursera da edX, dandalolin kwasa-kwasan intanet, suka fito: dubbai na shiga kwas, galibi masu gamawa ba su kai ɗaya cikin goma ba. Duk na karanta waɗannan. Har na kafa hujja da su a gabatarwar tsarin nawa, shafi biyu kafin layin da ya ci ni.

Da sakamako ya fito aka ga yawan waɗanda suka gudu, kwamiti ya zauna. Darakta ya miƙe cikin natsuwa ya ce ɓangaren tsare-tsare ne bai hango buƙatar malamai ba, ya ɗaga takardar, ga sa hannuna a ƙasa. Me zan ce? In ce na faɗa masa a baranda? Ni aka ba takardar neman ba'asi. Shi aka yaba masa a kan yawan rajista, don wannan adadin ne ake kaiwa majalisar jami'a, adadin waɗanda suka dawo kuwa sai wanda ya tambaya. Ba na cewa mugu ne. Ya dai san abin da ake rubutawa da abin da ake bari a baki, ni kuma ban sani ba tukuna.

Hutun nan ban huta ba. Na bi malamai ofis-ofis da agogo, su duba aiki ɗaya in ga minti nawa ya ci, su amsa tambaya in rubuta. Na mayar da shi awoyi, awoyin na mayar da su yawan mutane, na fito da jadawalin da ke cewa in kana son ɗalibi kaza, sai ka fara kawo malami kaza da kuɗinsa. Muka sa doka: a amsa tambaya cikin kwana biyu na aiki, a ba da maki cikin sati biyu. Shekarar da ta biyo ba mu sayi ko kyamara ɗaya ba, kuma ɗalibai suka zauna. Jadawalin na nan ana aiki da shi, sunan darakta ne a bangonsa.

Sauran ƙananan abubuwa ne. Kada a ɗora lakcar awa guda a ce an yi darasi. Wani bincike a kan bidiyoyin edX a 2014 ya nuna hankalin mai kallo na fara gudu bayan minti shida. A gwada komai a ƙaramar waya inda sabis ba shi da ƙarfi, don a nan yawancin ɗaliban suke karatu. Darasin kai-tsaye a naɗe shi, mai aiki ba lallai ya samu zuwa ba. A tsara yadda za a yi jarrabawa tun kafin a ɗauki ɗalibin farko. A kuma rubuta wa ke da mallakar bidiyon in malami ya bar aiki, mun yi rigimar nan sau biyu.

Ranar da zan tafi darakta ya kira ni, ya sa mini albarka sosai, sannan ya ce in turo masa jadawalin a sigar da za a iya gyarawa, suna so su ɗan ƙara ɗalibai bana. Na ce, "To, Yallaɓai." Na tura ta imel, na rubuta adadin malaman da ake da su a yau a layin farko, na sa magatakardan jami'a a kwafi.