Inda "he", "she" da "it" suke kayar da ɗaliban Damagaram

Yaron da ya fara Ingilishi a ajin farko na kwaleji a Damagaram yana zuwa da harsuna biyu a kai, Hausa da Faransanci, kuma dukansu suna ba kowane abu jinsi. Mota mace ce a wurinmu, shi ya sa takardun BEPC, jarrabawar kammala kwaleji, suke cika da "the car, she is old". Ingilishi bai yarda ba: abu marar rai "it" ne.

Na biyu, muna cewa "Musa ya tafi", ga suna ga wakilin sunan a jere. A Ingilishi ɗaya ake ɗauka, "Musa went" ko "he went". "Musa he went" jan biro ne.

A wajen mallaka kuwa, Faransanci ne mai ɓatar da yara. "Sa mère", wato uwarsa ko uwarta, na kallon uwar, ba mai uwar ba, sai ɗalibi ya rubuta "her mother" alhali Ali yake nufi. Malam, ka mayar da shi Hausa: uwarsa "his mother", uwarta "her mother". Daidai suke tafiya.

Wanda ya fi damuna shi ne "Musa told Ali that he failed". Wa ya faɗi jarrabawar, Musa ko Ali? Nahawun lafiya lau, ma'anar ce ta ɓace. In maza biyu suka haɗu a jimla, a maimaita sunan wanda ake nufi, ko da jimlar ta ɗan yi nauyi. Haka "they" da ba a ambaci masu shi ba tukuna.

"Its" mallaka ce, "it's" kuwa gajarcen "it is" ko "it has".