Shekara 4 a sashen koyon kiɗa

Jiya ina neman wata takarda sai na ci karo da littafin darasinmu na aji biyu a jami'a, wallahi har yanzu raina a ɓace yake. Shekara 4 na yi a sashen kiɗa, kullum karatun nota, wato alamomin rubuta kiɗa, da dokokin haɗa sauti na Turawan ƙarni na 18, ga fiyano ɗaya tal mai aiki, sai ka bi layi kafin ka samu minti goma. Ban ce ba su da amfani ba, na ƙaru da su. Amma kalangu fa? Makaɗi na matse igiyoyinsa a hammata yana ɗaga murya yana saukewa har kalangun ya yi magana da karin harshen Hausa, wannan ai ilimi ne babba, amma kwas ɗaya aka cusa mana shi tare da goge da kuntigi da algaita, babu wanda ya taɓa kayan da hannunsa, hadda kawai don jarabawa. Da na roƙi a gayyato wani dattijon makaɗi ya koya mana sai malam ya ce wai ba shi da digiri. Mutumin da ya gaji sana'ar kaka da kakanni!

Bayan bautar ƙasa na shiga situdiyo a Kano ko FL Studio, manhajar haɗa kiɗa a kwamfuta, ban iya ba, yaron da bai gama sakandare ba ne ya zaunar da ni ya koya min. Gona Baba ya sayar ya biya min kuɗin makarantar nan.